Amsa Kan Maganin Raunin Ƙashi Bayan Jinyar Sankarar Mama

'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce gwajin DEXA, wanda ke auna ƙarfin ƙashi, ya nuna ƙasusuwanki sun yi rauni tun da kika fara shan letrozole, kuma kina tambayar maganin da ya dace. Dalilin raunin shi ne letrozole yana rage sinadarin estrogen wanda ke kare ƙashi, amma kada ki daina shan sa, domin shi ke hana sankarar dawowa.

Mafi sauƙin samu shi ne alendronate, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 a mako, ana shan ta da safe kafin karin kumallo da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30, saboda tana iya ƙona maƙoshi. Idan kina fama da gyambon ciki, ki tambayi likita game da zoledronic acid, wanda ake sa wa ta jijiya duk wata 6 bayan an duba lafiyar ƙoda. A ganina shi ya fi dacewa da macen da al'adarta ta ɗauke, domin bincike ya nuna yana rage yiwuwar sankarar ta bazu zuwa ƙashi.

Akwai kuma allurar denosumab duk wata 6, sai dai tsallake lokacinta ko dakatar da ita kai tsaye na iya jawo karayar ƙashin baya. Ki guji duk maganin da ke ɗauke da estrogen, ki ga likitan haƙori kafin fara kowanne daga cikin magungunan ƙashin nan uku, sannan a auna miki sinadarin kalsiyam da bitamin D.