Takalmin tirenin daban, na ranar gasa daban?

Ɗan'uwa ka ce kana shirin gudun kilomita 21 kuma kana tambaya ko takalmi ɗaya zai ishe ka ko sai ka sayi biyu. Gaskiya in karon farko ne ɗaya mai kyau ya isa, amma ka gane bambancin. Na tirenin yana da ɗan nauyi, ƙasansa akwai soso mai kauri da ke shanye dukan kwalta don kar gwiwa da agara su sha wahala, irin Nike Pegasus ko Asics Novablast, yakan kai kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya mutu. Na gasa kuwa ba nauyi, akwai farantin kabon, wato wani siririn falle mai tauri, a ciki da ke ɗan cilla ka gaba, irinsa Kipchoge, ɗan tseren Kenya, ya saka a birnin Vienna a 2019 da ya yi marathon, wato gudun kilomita 42, cikin ƙasa da awa 2, amma fa tsada gare shi kuma saurin lalacewa yake, in ka riƙa tirenin da shi kullum kuɗinka kawai kake ƙonawa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, don Allah kar ka saka sabo dal ranar gasa. Ni na taɓa yi, tun kafin kilomita 10 dunduniyata ta yi bororo, da ɗingishi na ƙarasa. Ka yi dogon gudu biyu ko uku da shi tukuna, da safar da za ka saka ranar.

In za ka saya ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar fili kamar faɗin babban yatsa a gaba. In gwanjo ne ka danna soson da hannu, in ya yi tauri ko ya lotse gefe ɗaya ka bar musu kayansu.