Kifin da ya saki a motar sanyi: direba ne zai biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni direba ne a wani kamfani da ke raba kayan abinci ga otal-otal da gidajen abinci. Albashin wata nake karɓa, motar ta kamfani ce, mai injin sanyi. Na ɗauko lodin kifin ƙanƙara daga Legas zan kawo Kano. Dare ya yi mini a Mokwa, na kashe injin sanyi na kwanta kamar yadda muka saba, da asuba na kunna ya ƙi tashi. Ban samu mai gyara ba sai a Kaduna, kafin nan kusan rabin kayan ya saki. Kamfani ya ce za a riƙa cira a albashina har kuɗin ya fita. Wani malami a unguwarmu ya ce a Malikiyya duk mai ɗaukar abinci shi ke biya in ya lalace, babu wata magana. Haka ne? Ina kuma son sanin hukuncin ƙasaru tunda kullum ina kan hanya, da katan-katan na giya da wani lokaci ake haɗa mana a lodin otal.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar da alheri, ya sa kaffara ce.

Asalin hukunci yana wajenka, ɗan'uwa. Wanda aka ɗauka aiki da albashi, yana yi wa mutum ɗaya ko kamfani ɗaya aiki da kayan aikinsu, amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umarce shi. A kan wannan jumhurun malamai suke. Da ka ce mini injin yana aiki bel ya tsinke ko kwamfireso ya ƙone, da amsar ba ta wuce layi biyu ba.

Sai dai akwai jimla guda a tambayarka da ka wuce ta da sauri, alhali a kanta hukuncin ya rataya: "na kashe injin sanyi na kwanta kamar yadda muka saba." Su wa suka saba? Kuma don me ake kashewa?

Injin sanyi na babbar mota yana da tankinsa dabam, yana shan dizal kamar lita biyu zuwa huɗu a awa. Idan kamfani ya san man da yake ba ku ba ya kai ku Kano sai an kashe da dare, ko manaja da bakinsa ya ce a riƙa kashewa, ko an daɗe ana yi da saninsu ba su hana ba, to ka yi aiki ne da izini, kuma abin da ya biyo bayan izini babu biya a cikinsa. Asara tasu ce. Amma idan an ba ka kuɗin mai cikakke, kai kuma kana kashewa ne don ragowar ta shiga aljihu, to an sami laifi biyu. Ragowar kuɗin ba taka ba ce sai an ce maka in ka rage naka ne. Kashe injin kuma ƙetare umarni ne, kuma da zarar amintacce ya ƙetare umarni, kayan sun koma wuyansa. Sabon da direbobi suka yi a tsakaninsu, wanda suke ɓoye wa mai kaya, ba ya zama al'adar da shari'a take hukunci da ita. Ba na tuhumarka. Kai ka san wanne ne a cikin biyun, kuma Allah ya sani.

Ko a hali na biyu, ba a ɗora maka dukan asarar ido rufe. Kifin da aka loda a daskare sosai, a digiri 18 ƙasa da sifili, a akwatin mota mai lafiya da ƙofa a rufe, ba ya saki a 'yan awannin dare. Katan na bakin ƙofa da na jikin bango su ke fara laushi, na tsakiya kuwa suna daɗewa da sanyinsu. In har rabin lodi ya tafi, to a bincika. Wataƙila tun a ɗakin sanyi na Legas kayan bai daskare ba aka loda, domin injin mota riƙe sanyi yake yi, ba ya daskarar da kayan da ya shigo da ɗumi. Wataƙila robar ƙofa ta mutu, ko an cika lodi har rufi an toshe hanyar iska. Kuma injin da ya ƙi tashi da asuba sau da yawa batir ne ya tsufa, ko ruwa ya taru a matatar mai, ko tanki ya yi ƙasa ya ja iska. Tsohon batir da matatar da ba a canja ba hakkin mai mota ne, musamman in ka taɓa kai ƙorafi. Idan sababi ya haɗu daga ɓangare biyu, masana sana'ar su ke ƙiyasta rabon kowa.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa ba: me ka yi da asubar nan? Ka kira kamfani nan take? Daga Mokwa zuwa Kaduna tafiya ce mai nisa, ko ta Bida da Suleja ka biyo ko ta Tegina. In ka sanar suka ce ka ci gaba, ka fita. In kuwa tsoron faɗa ya sa ka yi shiru kana fatan ka gyara kafin su ji, wannan shirun sakaci ne mai zaman kansa, ko da kashewar farko da izini ka yi ta.

Yanzu maganar malamin unguwarku. Ba ƙirƙira ya yi ba, mas'alar tana nan a Mudawwana da sauran littattafan mazhaba: Imam Malik bai ɗora lamuni, wato biyan abin da ya salwanta, a kan masu dakon haya ba sai a abinci da mahaɗinsa. Amma ya ɗauko hukuncin ya bar dalilinsa da sharuɗɗansa, kuma a nan ake cutar mutane da sunan mazhaba. Dalilin da malamai suka bayar shi ne hannu yana saurin kaiwa ga abinci. Mai raƙumi zai ɗauki buhunan alkama ko salkunan mai, ya ɓace a hanya kwana da kwanaki, ya dawo ya ce an sace ko ya zube, babu mai gani. Don a toshe wannan ƙofa aka ce ba a karɓar maganarsa. Lamuni ne na tuhuma. Shi ya sa su da kansu suka ce yana faɗuwa idan shaida ta tabbatar kayan ya halaka ba da sababinsa ba, ko mai kayan yana tare da shi a tafiyar. Shaihu Halil a Muhtasar ya faɗa ƙarara cewa wanda aka ɗauka haya amintacce ne, har ya kawo misalin wanda ya yi tuntuɓe da mai ko abinci ko kwanuka suka fashe ba tare da ya yi ta'addi ba, ya ce babu lamuni a kansa.

To a auna wannan da halinka. Kifin bai ɓace ba. Katan-katan suna nan cif yadda aka rubuta a takardar kaya, an buɗe mota an gan su a ruɓe. Ina tuhumar ci ko sayarwa a nan? Ƙofar tana da hatimi mai lamba, motoci da yawa suna da na'urar da ke rubuta sanyin akwati awa bayan awa, ga rasidin mai gyara. Wannan ya fi ƙarfin shaidar da malaman da can suke nema. Sannan zancen nasu a kan mai abin hawansa ne da ke ɗaukar kayan kowa da kowa da lada. Kai kuwa mota ba taka ba, gyaranta ba a hannunka ba, yawan man ma wani ke yanke maka. Ɗora maka hukuncin mai dako alhali ba ka da ikon mai dako ƙiyasi ne da bai zauna ba. Ina jin takaicin yadda ake yanko rabin mas'ala a miƙa wa mai ƙarfi ya doki mai rauni da ita. Idan za ka biya, don ka kashe injin ba da izini ba ne ko don ka ɓoye labari. Kasancewar kayan abinci ne kawai ba ya wajabta maka ko kobo.

Idan sun ce ai ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki cewa duk abin da ya lalace kai ne, sharaɗin ɗora lamuni a kan amintacce ba ya aiki a wurin mafi yawan malamai. Idan kuma suka musanta maganarka ba su da hujja, maganarka ake karɓa tare da rantsuwa.

In ya tabbata akwai rabonka, ga yadda ake yi. A ƙiyasta kuɗin kifin da ya lalace kaɗai, a cire abin da aka samu daga wanda ya tsira, a cire kason da ya faɗa kan lalacewar mota. In inshora ta biya kamfani, ba su da ikon karɓa sau biyu. Albashin aikin da ka riga ka yi hakkinka ne, ba a riƙe shi gaba ɗaya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ba ta yarda a cire wa ma'aikaci kuɗin asara ba sai ta hanyar ganganci ko sakacinsa ta zo, da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma abin da ake cirewa a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Ka nemi a zauna da wani dattijo daga ƙungiyarku ta direbobi, a rubuta abin da aka daidaita. In ka san ka ci kuɗin mai, ka faɗa da kanka ka nemi sassauci. Biyan duniya ya fi sauƙi.

Wani abu ya fi asarar kuɗin damuna, kuma ba ka tambaya ba: ina aka kai kifin da ya saki? Abin da aka saba shi ne a mayar da shi ɗakin sanyi ya sake daskarewa, a karyar da shi ga masu suyar kifi da masu abincin bakin titi. Kifi irin su titus idan ya jima cikin ɗumi yana tara wani guba da wuta ba ta kashewa. Ko an soya shi ya yi ƙayau, wanda ya ci zai iya samun jan fuska, ƙaiƙayi, ciwon kai, amai da gudawa. Alamar kifin da ya saki aka sake daskarar da shi ba ta ɓuya: kwali ya yi laushi ya sake bushewa, ruwa ja ya daskare a gindin katan, kifayen sun manne sun zama dunƙule guda. Hadisin "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu" a kan tsibin abinci aka faɗe shi, wanda aka ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Kada ka yarda a rage maka bashi da sharaɗin kai za ka nemo masu saye. Wanda ya lalace a zubar, ko a sayar don abin da ba cin mutane ba tare da bayyana aibinsa.

Nan gaba kuma ka kare kanka tun a wurin lodi. Ka kunna injin akwati ya yi sanyi kafin a fara zuba kaya. Ka sa ma'auni tsakanin katan biyu, a rubuta abin da ya nuna a takardar kaya, ka ɗauki hoto. Duk matsalar mota ka aika ta saƙon waya don ta zama a rubuce. In man da aka ba ka ba zai isa ba, ka faɗa kafin ka tashi, kuma in an ce ka kashe da dare, a rubuto maka. Kada ka buɗe ƙofa a hanya don ɗora kayan wani, wannan shi kaɗai ya isa ya mayar da lodin duka wuyanka. Barcin da ka yi a Mokwa kuwa daidai ne, ban zarge ka a kansa ba. Direban da ke haɗiyar ƙwaya don ya kwana yana tuƙi saboda kifi, ran mutane ya sa a caca.

Ƙasaru kana yi, yawan tafiya ba ya hana ta tunda kana da gida da iyali a Kano. Kana cikawa in ka shigo gari, ko in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a inda kake jiran lodi. Haɗa salla biyu ya halatta in tafiya ta matsa.

Giya kuwa babu saɓani, mai ɗaukarta yana cikin waɗanda Annabi (SAW) ya la'anta. Ka gaya wa mai tsara lodi cikin ladabi a cire ka daga wannan layi a ba ka na kifi, kaji da kayan masarufi. In sun ƙi, ka fara neman wani wurin tun yanzu, kuma kason ladan da ya zo ta wannan ɗauka ka fitar da shi ga mabuƙata.

Wallahu a'alam.