Amsa ga Malama kan saurin yarda da saƙo a zaure

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Malama ta tambaya da safe me ya sa mutane masu ilimi da hankali suke gaskata saƙon da aka turo zaure ba su karanta shi har ƙarshe ba, muddin sun ga mutum biyar ko shida sun riga sun yaba. Malama, wannan tambaya ta daɗe tana damuna, ga kuma abin da na fahimta.

A shekarar 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya zaunar da mutane a ɗaki, ya nuna musu kati mai layi ɗaya da wani katin mai layuka uku, ya ce kowa ya faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da na farko. Amsar a bayyane take, ko yaro zai gane ta. Sai dai duk waɗanda ke ɗakin an haɗa baki da su tun farko su faɗi amsar da ba daidai ba, in ban da mutum ɗaya wanda shi ake gwadawa bai sani ba. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, alhali idanunsu suna nuna musu akasin haka. Da aka tambaye su daga baya, wasu sun ce gudun a ga sun fita daban ne, wasu kuma sun fara zargin ganinsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya faru da aka sa mutum ɗaya tak cikin waɗancan ya faɗi gaskiya: nan take bin jama'ar ya ragu ƙwarai. Haka ma da aka bar wanda ake gwadawa ya rubuta amsarsa a ɓoye.

To, yanzu ku dubi yadda muke karatu a waya. Kafin idon mutum ya sauka kan saƙon, ya riga ya ga hukuncin waɗanda suka riga shi, cikinsu har da waɗanda yake jin nauyinsu, don haka sai ya karanta kanun, ya tsallake sauran, ya sa nasa hannun. Kowa yana zaton wani ya bincika, alhali wataƙila babu wanda ya kai sakin layi na biyu. Wannan na cikin abin da ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2019, amma taƙaitawar ba ta koya wa kowa karatu a tsanake ba.

Saƙon da aka turo jiya na karanta shi har ƙarshe, kuma sakin layi na uku ya saɓa wa abin da kanun ya faɗa. Don Allah duk wanda ya yaba ya koma ya duba, mu tattauna shi da daddare.