Tambaya da Amsa: Na canza kamfanin kwal, yanzu wuta na mutuwa cikin dare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni dai inda nake zaune sanyi ake na gaske har da dusar ƙanƙara, da murhun kwal muke ɗumama gida, irin na ƙarfen nan mai raga a ƙasa da ake girgizawa. Shekara 3 kenan kwal ɗin kamfani ɗaya nake saya, bana sai mai kawo min ya ce ya yanke, na ɗauki na wani kamfanin buhu 10, shi ma antarasait, wato kwal mai tauri, aka rubuta a jikin buhun. To wallahi tun da na fara zuba shi ban huta ba, toka ta yi yawa kuma ja ce, ga wasu dunƙule-dunƙule masu tauri suna toshe ragar, sau biyu wuta ta mutu kafin asuba yara suka tashi suna rawar ɗari. Jabu aka sayar min ne? In mayar ko in haƙura? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da fama, Allah ya raya yaran. Gaskiya daga bayaninki ban ga alamar jabu ba, kuma ba zan ce ki mayar yanzu ba.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne sunan kamfanin da ke jikin buhu sunan mai wankewa da tankaɗewa da ɗurawa ne, shi kuwa kwal daga ƙasa aka haƙo shi, kuma kowane rami da halin dutsensa, kai ko kamfani ɗaya ne ma na bana zai iya bambanta da na bara in sun koma haƙa wani wajen. Antarasait shi ne mafi tauri a cikin kwal, sinadarin kabon ɗinsa ya kai kashi 86 cikin 100 zuwa sama, a Amurka kusan duk daga arewa maso gabashin jihar Pennsylvania yake fitowa, a Birtaniya kuma an san kudancin Wales da shi. In kina son tabbatarwa ɗauki ƙwaya ɗaya ki duba, na gaske yana ƙyalli kamar gilashi, ba ya farfashewa a hannu, ba ya baƙanta tafin hannu sosai, in ya kama kuma harshen wutar gajere ne shuɗi, hayaƙi kusan babu. In kika ga wuta rawaya mai tsawo da baƙin hayaƙi da warin kwalta, to wannan kwal mai laushi ne, shi kam ki mayar musu ba wani ja-in-ja don ba a yi murhunki dominsa ba. A Ingila ma tun watan Mayun 2021 aka hana sayar da irinsa a buhu don ƙonawa a gida.

Jar tokar nan ita ce ta faɗa min komai. Jan daga ƙarfen da ke cikin kwal ɗin ne, kuma toka mai ƙarfe tana saurin narkewa fiye da fara, in wuta ta yi zafi da yawa sai ta narke ta haɗe ta zama kamar kashin maƙera, shi ne dunƙulen da kike cirowa. Shi kuma antarasait ta ƙasa yake shaƙar iska, da zarar raga ta toshe shi kenan, wuta za ta yi ta ja da baya har ta mutu ga kwal cike a murhu bai ƙone ba. Ina kyautata zaton da kika ga wutar ta yi sanyi sai kika ƙara buɗe ƙofar iska, ko kika sa ƙarfe kina tona ta ta sama. Duk biyun ƙara dunƙulen suke yi. Ni ma na yi wannan kuskuren a hunturuna na farko, da safe na zaro wani dunƙule ya kai faɗin tafin hannuna, fuskarsa duk ramuka-ramuka, na buga shi a ƙasa ko tsagewa bai yi ba. Antarasait ba ya son tono sam, ki bar shi yadda ya kwanta.

Ga yadda zan so ki gwada na kwana 4 ko 5 kafin ki yanke hukunci. Safe da yamma, kafin ki taɓa komai ki buɗe iskar ƙasa na 'yan mintoci har garwashin ya farfaɗo, ki zuba sabon kwal kaɗan, in ya kama sannan ki girgiza ragar gajere-gajere har sai kin ga hasken ja ya leƙo a kwanon toka ko 'yan garwashi sun fara faɗowa, nan ki tsaya. Sai ki cika murhun a hankali har iya bulon da ke ciki, ki bar wani lungu ja a buɗe don gas ɗin da sabon kwal ke fitarwa ya samu abin kamawa, in ba haka ba yana iya taruwa ya yi bam a ciki. In shuɗin harshe ya fito sai ki rage iska, ki rage ta fiye da yadda kika saba da tsohon kwal ɗinki. Wuta mai zurfi ita ke kwana, 'yar shimfiɗa sama-sama ba ta kai asuba.

Ki duba girman ƙwayar ma. Wanda aka fi zubawa a murhun da ake cikawa da hannu yana kai santimita 2 zuwa 4, akwai ƙarami da bai wuce 2 ba, kuma tankaɗen kamfanoni ba ɗaya ba ne. Ƙanana suna matsewa su rage wucewar iska, manya su ci da sauri. Garin da ke taruwa a gindin buhu kar ki juye shi gaba ɗaya, shaƙe wuta yake. Jiƙar da za ki gani a buhu kuwa ba laifi ba ce, wanke shi ake yi kuma tana rage ƙura.

Batun yawan toka ki auna kawai, ki ƙone buhu ɗaya ki ɗora tokarsa a sikeli, in buhu mai kilo 20 ya ba ki wajen kilo 2 wannan daidai ne, in ya doshi kilo 4 kuma a ciki kina ganin fararen duwatsu masu falle-falle da ba su ci wuta ba, to ba a tsince shi da kyau ba, kuɗinki kike ba wa dutse, ki kai musu shaidar a bokiti. In kuma akwai ragowar tsohon ki gauraya su rabi da rabi, yana taimakawa sosai. Gaba in za ki canza kamfani buhu 2 ko 3 ya isa gwaji.

Abu ɗaya da nake roƙonki saboda yaran nan, ki sa na'urar da ke yin ƙara in iskar kabon monoksaid mai guba ta taru, kusa da ɗakin barci, ki kuma duba batirinta. Wannan iskar ba ta da wari ba ta da launi, kuma wutar da ke mutuwa a hankali cikin dare bututun hayaƙi ya huce ya daina ja, lokacin ne take komowa cikin ɗaki. Toka ma a bokitin ƙarfe za ki zuba ki fitar waje nan take, kar ta kwana a gida, kuma kar ki taɓa barin ƙofar toka a buɗe ki tafi wani aikin. In kin gwada ki rubuto min yadda ta kaya.