Tsakiya ko hagu? Abin da na gani tun zamanin Santsi da Taɓo

Assalamu alaikum. Ɗana, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari ta kwana a raina kafin in amsa. Ka ce PRP, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya kafa, ta daɗe rabonta da cin wani zaɓen a zo a gani, shin ba gara ta sassauta ta matso tsakiya ba, ta rage maganar talaka da azzalumi, ko attajirai da 'yan boko sa shigo? Ko kuwa ta ƙara karkata hagu ta tsananta? Ka kuma kawo misalin jam'iyyar Labour ta Ingila, wadda ka ce sai da ta matso tsakiya ta ci mulki.

Ni malamin firamare ne mai ritaya. A zaɓen 1979 ina da shekara 22, kuma ni ne wakilin PRP a akwatin ƙauyenmu, a tsohuwar Jihar Kano. Abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Da farko, a ƙauyenmu ba wanda ya taɓa dangwala wa makulli, alamar PRP, don an ce masa jam'iyyar ta hagu ce. Bahaushe ba ya ci da hagu, ba ya karɓar kyauta da ita. Wannan rabo na hagu da dama daga majalisar Faransa ya samo asali a 1789, inda masu son sauyi suka zauna ta hagun shugaban majalisa, masu goyon bayan sarki ta damansa. Mu abin da muka sani shi ne sawaba, da talaka, da haraji, da jangali.

Bari in gaya maka yadda haraji yake, don ku yaran yanzu a littafi kuka san shi. Ina yaro, wata shekara damina ta yi gardama, gero bai yi ba. Da lokacin biya ya yi, aka tara magidantan da suka kasa a ƙofar gidan mai gari, aka zaunar da su a rana tun hantsi, an cire musu huluna. Mahaifina na cikinsu. Ni aka aika in kai masa ruwa a buta, wanda ke tsaron su ya kore ni. Kafin la'asar mahaifiyata ta kwance akuyarta guda ɗaya tilo, mai ciki, ta ba yayana ya kai wa wani mahauci, ya saye ta a wulaƙance don ya san halin da muke ciki. Da kuɗin aka sako shi. Ya shigo gida bai ce wa kowa uffan ba, ya yi alwala, ya shige ɗaki. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya tayar da zancen ranar ba.

To, da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a watan Oktoba na 1979, abin da suka fara yi shi ne soke haraji da jangali. A rediyo muka ji, a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Wani tsoho ya sa aka maimaita masa har sau biyu, sannan ya tashi ya yi sujada a kan ƙasa. Fulanin da ke rugar bayan gari washegari suka shigo da nono suna rabawa kyauta. Wannan shi ne abin da ya ci zaɓe. Alkawari ne guda, kowa ya gane shi, kowa ya san ranar da aka cika shi.

Ka lura da abu ɗaya. Kafin 1979, duk wanda ya ce a soke haraji, ɗan tayar da zaune tsaye ake ce masa, mara kunya, mai raina sarakuna. Tun da aka kafa NEPU, tsohuwar jam'iyyar su Malam Aminu Kano, a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ake ɗaure mutane ana yi musu bulala kan irin wannan magana. Haka ma batun mata su jefa ƙuri'a, wanda Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa ba sau ɗaya ba. Amma a 1979 matan Arewa suka fito layi a babban zaɓe, kuma bayan Kano da Kaduna sun soke haraji, wasu jihohin Arewa suka bi sahu don ba yadda za su yi. Yau ko wanda ya fi kowa ra'ayin riƙau ba zai hau mumbari ya ce a hana mata zaɓe ba. Ashe ke nan tsakiyar da kake magana ba a kafe take ba, jan ta ake yi. Da su Malam Aminu Kano sun koma tsakiyar siyasar 1950 sun zauna, da har yanzu tana inda suka same ta.

Sannan ka dubi tsakiyar yau, wa ya rage bai shiga ba? A zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, duk sun yi alkawarin cire tallafin mai. Ranar 29 ga Mayu aka cire, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Talakan da bai yarda da wannan hanya ba, wa zai zaɓa? Da yunwa ta kai masa wuya, titi ya fito a watan Agusta na 2024, ba jam'iyyar da ke riƙe da shi, ba shugaban da zai ce masa tsaya nan, shi ya sa abin ya rikice a Kano da Kaduna aka yi asarar rayuka. Idan PRP ta shiga wannan cunkoso na tsakiya, da me za ta fi APC da PDP? Su suna da gwamnoni, suna da kuɗi, suna da motoci. Mai son irin hajarsu wurinsu zai je ya saya, ba zai zo rumfarmu ba.

Amma kada ka ɗauka ina cewa tsananin aƙida kaɗai ya isa. A nan ne muka yi kuskure, kuma ina cikin waɗanda suka yi shi.

Balarabe Musa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gaskiya da ba a samu irinsa da yawa ba. Amma ya ci kujerar gwamna ne alhali a majalisar jihar mai kujeru 99, NPN, jam'iyyar Shugaba Shagari, na da 64, PRP na da 16. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika suka yi fatali da su. Haka ya yi mulki kusan wata 21 ba kwamishina ko ɗaya, har suka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, gwamna na farko da aka tsige a tarihin ƙasar nan. A lokacin muna ta murna cewa bai durƙusa wa kowa ba. Da na girma na gane cewa laifin namu ne mu 'yan jam'iyya, da muka zuba ƙarfinmu duka kan kujerar gwamna muka manta da kujerun majalisa. Gaskiyar da ba ta da hannuwan da za a ɗaga mata a zauren majalisa, a ƙofa ake tare ta.

Sai kuma babbar masifar, rabuwar Santsi da Taɓo. Gwamnoninmu biyu suna zama da gwamnonin jam'iyyun adawa na UPN da GNPP, su tara ke nan gaba ɗaya, suna kiran kansu masu ra'ayin ci gaba. Uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. Mu 'yan Santsi, da muka bi gwamnoni da jagoran ƙwadago Michael Imoudu, muna cewa na kusa da Malam sun fara lallaɓawa wajen NPN. 'Yan Taɓo, ɓangaren Malam, suna cewa mun yi wa Malam butulci, mun ga mulki mun manta wanda ya ɗora mu. Kowane ɓangare na rantsuwa shi ne mai aƙidar asali.

Abin bai tsaya a ofishin jam'iyya ba, har cikin gidaje ya shiga. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon ɗan NEPU ne da ya taɓa kwana a gidan yari saboda Malam. Ranar sunan ɗana na fari ya zo, ya tsaya daga bakin zaure, ya hango hoton Rimi a bango. Aka miƙa masa goro, ya ce a bar shi, ya yi wa yaro addu'a a tsaye, ya juya. Shekara biyu ba mu gaisa ba. Ranar 17 ga Afrilu, 1983, da Malam ya rasu, a cikin taron jana'iza muka haɗu a Kano, ya riƙe hannuna yana kuka ina kuka, ba wanda ya iya cewa komai.

Me rigimar ta haifar? Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam. Rimi ya sauka daga kujera ya koma jam'iyyar NPP ta Azikiwe, wadda ba wanda zai ce ta fi PRP son talaka, ya tsaya takara a 1983, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. S.G. Ikoku, sakataren jam'iyya na ƙasa, ya ƙare a wajen Shagari. Kaduna ta tafi hannun Lawal Kaita na NPN. Jam'iyyar da ta samu sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49 a 1979 ta koma jiha ɗaya, kafin sojoji su share kowa ranar 31 ga Disamba. Ba wanda ya ƙi mu don mun cika son talaka. Mu muka tsaga gidanmu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Game da Ingila, ka duba alƙaluman da kyau. Gaskiya ne a 2019, ƙarƙashin Corbyn, Labour ta sha kaye da kujeru 200 da 'yan kai, a 2024 kuma Starmer ya samu sama da 400. Amma ƙuri'un da Corbyn ya samu a shekarar da ya faɗi sun haura miliyan 10, na Starmer a shekarar da ya ci ba su kai miliyan 10 ba. Abin da ya faru shi ne mutane sun gaji da jam'iyyar Conservative bayan shekara 14 tana mulki, kuma jam'iyyar Reform ta yage mata ƙuri'u. Darasin da ni na ɗauka a wurin shi ne na rabuwar kai da iya lissafin mazaɓu, irin dai wanda ya ci mu a Kaduna. Kuma Labour jam'iyya ce mai ƙungiyoyin ƙwadago a bayanta fiye da shekara 100, ko ta matsa tana da inda za ta dawo. Ƙaramar jam'iyya idan ta saki abin da aka san ta da shi, ba ta da wani abin riƙewa.

Na ga wannan da idona a wata jam'iyya da na yi wa aiki bayan dawowar mulkin farar hula. Muna da ɗan takarar majalisa, malamin asibiti mai ritaya, kowa ya san shi a ƙauyuka don ya yi wa 'ya'yansu allura. Saura 'yan makonni a rufe karɓar sunaye, wani attajiri da ya faɗi zaɓen fidda gwani a wata babbar jam'iyya ya zo da motoci da buhunan shinkafa. Shugabanni suka ce mana a yi haƙuri, sai da kuɗi ake siyasa, dole a buɗe ƙofa ga kowa. Aka ba shi tikiti. Ya faɗi, bayan wata biyu ya koma inda ya fito, ya tafi da rabin matasanmu, har da kujerun ofis da ya saya. Sau da yawa idan ka ji ana cewa a matso tsakiya a ƙasar nan, ma'anarsa ke nan: a ba mai kuɗi aron tuta.

To me nake ba da shawara? A riƙe buƙatun talaka gam, a sassauta harshe. Malam bai taɓa zuwa ƙauye ya ce wa mutane gurguzu ba, ko da yake abokan gaba sun yi ta liƙa masa sunan don su ce ba ya son addini. Shi malami ne mai tafsiri, da ayar adalci da haƙƙin maƙwabci yake magana, shi ya sa malaman zaure da maɗinka da 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa suka bi shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke biyan haraji kala-kala yana kuma sayen man janareta ba maƙiyinmu ba ne, kuma ba sai mun watsar da talaka za mu same shi ba. Zagin duk wanda ya mallaki mota, da kiran duk wanda ya saɓa mana maci amana, shi ne abin da ya kamata mu bari.

Sannan a nemo harajin wannan zamani, abu biyu ko uku da za a iya nunawa da yatsa. Takin zamani ya iso hannun manomi kafin saukar damina, a farashin da zai iya. Mace ta haihu a asibitin gwamnati ba a ce mijinta ya sayo safar hannu ba. Ajin firamare ya samu malami da rufi. Manomin Zamfara da Katsina ya je gonarsa bai biya ɗan bindiga kuɗin noma ba, wanda shi ne jangalin yau, har ya fi na da muni. A faɗi adadi, a faɗi lokaci, a faɗi inda kuɗin zai fito.

Haɗin gwiwa kuwa ba haramun ba ne. NEPU ta yi ƙawance da NCNC, jam'iyyar Azikiwe ta wancan zamani, shekaru da dama ba ta zama NCNC ba. A zauna da kowa kan buƙata takamaimai, a rubuce, kowa da tutarsa.

Kai kuma, ɗana, tunda ka ce kana cikin shugabannin matasa a mazaɓarku, ka fara daga nan. Ku ƙirga akwatunan mazaɓar, ku samo wa kowanne wakili biyu da ba za a saye su da kuɗin shayi ba, waɗanda za su tsaya har a rubuta sakamako a ba su kwafi. Ku nemi kujerar kansila da ta majalisar jiha kafin ku yi mafarkin gidan gwamnati. In kun sa ranar taro ka sanar da ni, in Allah ya ba ni lafiya zan zo, in taho muku da katin jam'iyyata na 1979 ku gani.