Shin wata lamba na raba 91?

Malam, ka tambaya ko 91 na cikin lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu. A'a, ba ta ciki: 7 sau 13 ya ba da 91.

Abin da ke yaudarar ɗalibai shi ne ta tsallake gwajin da aka saba. Mara ce, 2 ba ta raba ta. Ka haɗa 9 da 1 ka sami 10, 3 ba ta raba 10, to 3 ma ta faɗi. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, to 5 ma ta faɗi. Nan mutane ke tsayawa, su manta da 7, kuma wannan shi ne kuskuren. Gwajin 7 mai sauƙi ne: ninka lambar ƙarshe, 1 ta zama 2, cire daga 9, saura 7. Ta rabu ke nan. Da 7 ma ta faɗi, ba sai ka gwada 11 ba, domin 10 sau 10 ya riga ya wuce 91.

Masu raba ta huɗu ne kacal: 1, 7, 13, 91. Wani abin sha'awa, idan ka tara daga 1 zuwa 13, 91 za ka samu. Haka ma idan ka haɗa 27 da 64, wato 3×3×3 da 4×4×4.