Ajiye filashin nan, kar ka goge wa Alhaji kwamfuta

Sani, na ga saƙonka. Ka ce: "Oga, kwamfutar tebur ta gidan Alhaji a Agege ta ƙi hawa intanet, alhali wayoyin gidan duk suna aiki a kan rautar. Na buga ipconfig, adireshinta ya fara da 169.254. In yi mata fomatin ne?"

A'a. Ku yaran yanzu da abu ya cije sai fomatin, ƙaya ta soki mutum ku ce a yanke ƙafa. Lissafin kasuwar bawan Allah ne a ciki, kuma in laifin daga waje yake, ko sau goma ka goge haka za ka tarar da ita.

Amma ka kyauta da ka buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta a kan sadarwa, ka karanta lambar, don ita ta faɗi ciwon. Kwamfuta ba ta zuwa da adireshinta. Da an jona ta sai ta yi cigiya: wa zai ba ni lamba? Rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, ta yi mata tayi, ita ta ce ina so, rauta ta tabbatar mata. Magana huɗu ke nan, ita ake kira DHCP. Kuma aro ne na ɗan lokaci, a rautoci da yawa na gida kwana ɗaya, sai a sabunta. In ta yi ta sallama ba a amsa ba, Windows sai ta laƙaba wa kanta lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai ta ko bakin ƙofa. Ka ga ke nan maganar data ko kamfanin layi ba ta ma taso ba. Tsakanin kwamfuta da rauta abin ya tsaya.

Lura da wani abu. Da kebul ya katse gaba ɗaya, ba za ka ga lamba ba sam, za ta ce maka babu abin da aka jona. Tunda ta ba da 169.254, tana jin akwai wani abu a ɗaya bakin, amsa ce dai babu.

Ɗauki laftof ɗin shago ka tafi da shi. Zare kebul daga bayan kwamfutar Alhaji ka soka a naka, ka kashe Wi-Fi ɗinsa tukuna. In ya samu lamba mai farawa da 192.168, laifin na cikin kwamfutar. In shi ma 169.254 ya gani, rabu da ita, bi kebul har rauta. Minti biyu ka raba gardama.

In ta wajen rauta ne, fara duba ramin da aka soka kebul. Akwai guda ɗaya mai launi daban da aka rubuta WAN, ta nan intanet ke shigowa, ba a raba adireshi a wurin. Ni kaina ina sabon shiga na taɓa ɓata yini guda a wani gida a Idi-Araba, har katin sadarwa na canza, ashe an yi shara ne aka zare kebul aka mayar da shi WAN. Ban gaya wa ogana ba sai bayan shekara. Duba kan kebul ɗin kuma. Damshin Legas yana cin ƙarfen har ya yi kore, ga ɓera. Sili takwas ne a ciki, ɗaya ya yi sako-sako sai fitila ta kama amma magana ba ta wucewa da kyau. In kana shakka yanke kan ka matse sabo.

Kar kuma aikin wayoyin gida ya ruɗe ka ka wanke rautar. Suna riƙe da aron da suka karɓa tun jiya ne. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, an dawo da wuta, rauta takan rikice ta daina rabon lamba alhali sauran aikinta na tafiya. Zare ta daga soket, ƙirga talatin, mayar. In ba ta saki ba, shiga cikinta ta wayar hannu. Adireshinta na manne a ƙasanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Duba ko DHCP a kunne yake, ka ga na'ura nawa ke kai. Gidan da yara suka raba wa rabin layi lambar sirri, lambobin da aka ware sukan ƙare, wanda ya zo a makare ya rasa.

In ta wajen kwamfutar ne, buɗe cmd, tagar da ake buga umarni, da ikon mai gudanarwa, buga ipconfig /release sannan ipconfig /renew. Shiru? Shiga services.msc ka tabbatar DHCP Client na gudana. Tsohuwar manhajar kashe bairos da wa'adinta ya ƙare takan tare hanya, cire ta. Sai netsh winsock reset da netsh int ip reset, ka kashe ka kunna. Direban katin sadarwa, wato manhajar da ke sarrafa shi, shi za ka duba a ƙarshe.

Ga gwajin da na fi so. In rautar 192.168.1.1 ce, sa wa kwamfutar 192.168.1.50 da hannu, da 255.255.255.0 a gurbin subnet mask, a ƙofar fita (default gateway) ka sa adireshin rautar, sannan ka buga ping 192.168.1.1, wato ka yi wa rautar sallama ka ji ko za ta amsa. Ta amsa, to kebul da kati lafiya lau, rabon lamba ne kaɗai ya tsaya. Amma gwaji ne, mayar da ita kan karɓa da kanta kafin ka fito, kar wata rana rauta ta ba wa wayar Hajiya lambar nan su yi karo a sake kiran mu.

In ping ya ƙi, kuma laftof ɗinka ya yi aiki a kebul ɗin, ina zargin ramin kebul na kwamfutar ya ƙone, tsawar damina kan yi haka. Ba sai an taɓa allon uwa, babban allon da ke cikin kwamfuta, ba. Ɗan adaftan USB mai ramin kebul ya wadatar, akwai biyu a durowar ƙasa da na sayo a Computer Village. Ɗauki ɗaya, haɗa da abin matse kai da kawuna huɗu. Ka fita kafin cunkoson yamma, kuma ka kira ni da zarar ka soka laftof ɗin, ka karanto mini lambar da ya samu.